Ciwon Dajin Ƙoda A Jikin Yara: Me Ya Sa Ake Fara Da Allura Kafin Fiɗa?

A ƙauyukanmu na Batsari da Safana, in cikin yaro ya kumbura sai mu ce saifa ce. Sau da yawa haka ne. Amma akwai wani ƙari mai tauri da kan fito a gefe ɗaya na ciki, yawanci ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma ba ya cika yin zafi. Uwa ce takan fara jin sa wajen wanka. Wannan yana iya zama ciwon dajin ƙoda, wanda wani likitan Jamus, Max Wilms, ya bayyana a 1899. Wani yaron yakan yi fitsarin jini, a ɗauka tsargiya ce.

Kada a matsa wurin, kada a kai wa wanzami ya tsaga. Ƙarin yana iya fashewa a ciki, cutar ta bazu. A kai yaron Babban Asibitin Batsari ko na Dutsin-ma, a nemi takardar zuwa Katsina, Kano ko Shika don a ɗauki hoton cikin.

Iyaye sukan yi mamaki in likita bai yi fiɗa nan da nan ba. Ga dalili. Yaranmu sukan iso da ƙari babba, cire shi haka nan yana da haɗari. Sai a fara da allura ta jijiya iri 2, Binkiristin da Aktinomaisin, har mako 4. In cutar ta kai huhu, a ƙara ta 3, a yi mako 6. Ƙarin yakan motse ya yi ƙwari, likita ya cire shi tare da ƙodar ba tare da ya fashe ba. Ƙoda ɗaya ta ishi mutum zaman duniya.

To, a nan ne muke yin hasara. Ciki ya saɓe, yaro ya fara cin tuwo yana wasa, ga shuka tana jira, ga kuɗin mota. Sai uba ya ce an warke, a koma gida. Ba a warke ba. Allurar ta rage ƙarin ne kawai, in an bar shi zai dawo ya fi na da. A Turai wajen yara 9 cikin 10 suna warkewa, domin ana kai su da wuri, ana kuma gama magani.

Gashi yana iya zubewa, zai sake tsirowa. Amma in zazzaɓi ya kama yaron a tsakanin allurai, a koma asibiti a ranar. Bayan fiɗa ma akwai sauran allura, daga wata 1 zuwa wata 6 ko fiye. Tun ranar farko dangi su zauna su raba wanda zai yi jinya da wanda zai riƙe gona.