Ƙarfin Ɗan Kokawa A Ƙafa Yake

A ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi, tun daga Dabai har zuwa Wasagu, kokawa ba wasan yara ba ce. Idan kaka ta yi, aka kai amfanin gona rumbu, samarin Dakarkari sukan fito fili, musamman a bikin Uhola, su gwada ƙwanji a gaban dattawa da 'yan mata. Baƙon kallo yakan zuba wa damatsa da faɗin ƙirji ido, amma tsofaffin 'yan kokawa ƙafa suke dubawa.

Masanan motsa jiki sun gaskata wannan hikima a wani wasa dabam, wato golf, wanda ake bugawa a filayen Kano da Kaduna da Jos. Mai bugu da dama yakan ɗora nauyinsa bisa ƙafar dama sa'ad da ya kai sanda baya, kafaɗunsa su juya kusan ninki biyu na juyawar ƙugunsa. Kafin sandar ta sauko, sai ya mai da nauyin ga ƙafar hagu, ya danna ƙasa. Ita kuwa ƙasa takan mayar masa da daidai ƙarfin da ya danna ta da shi, kamar yadda Isaac Newton na Ingila ya bayyana a 1687. Daga nan ƙugu ya fara juyawa, ya ja gangar jiki, ita kuma ta ja hannuwa. Ashe hannu ɗan aike ne kawai.

Haka ɗan kokawa yake yi. Yakan lanƙwasa gwiwa, ya kafa duga-dugai, ya shigar da ƙugunsa ƙarƙashin na abokin karawarsa, sa'an nan ya miƙe ƙafafu ya murɗa. Shi ya sa ake ganin ƙaramin saurayi ya yi sama da ƙato. Wanda kuwa ya sandare ƙafa, ya ce da hannu kaɗai zai ɗaga mutum, gadon bayansa ne zai ji a jikinsa.

Sai dai gwiwa ma tana da iyaka. Tiger Woods na Amurka sai da aka yi masa aiki a gwiwar hagu a 2008, kwanaki kaɗan bayan ya ci gasar US Open.

Saurayin Wasagu da ya nakasa gwiwa ko baya a fage, ba kokawa kaɗai ya rasa ba. Ya rasa garmar damina, wadda gidansu ya dogara da ita. Don haka ya kamata malaman wasanni a makarantu su nemi tsofaffin 'yan kokawa, a koya wa yara tsayuwa kafin a koya musu kamu.