Baƙo da ranar haihuwarsa a cikin ganuwar Kano

Ranar 16 ga Fabrairun 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya cika shekara 30 a duniya, kuma a unguwar Dala ranar ta riske shi. Makonsa biyu ke nan da shigowa Kano da sunan Abdulkarim, a wata tafiya da gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinta. Masassara ta kayar da shi, bashi ya yi masa katutu, ɗakin da aka sauke shi ga duhu, ga kuma zullumin abin da zai riƙa ya je gaida Sarki Usman. A ƙiyasinsa mazauna birnin sun kai dubu 30, kuma da wuya a sami ko mutum ɗaya a cikinsu da zai ga dalilin taya wani murna don kwanan watan haihuwarsa ya zagayo.

Bincike ne ya kawo Barth. Masu aikin sa kai sai bayan fiye da shekara ɗari suka fara zuwa: ƙungiyar VSO ta Ingila da aka kafa a 1958, da Peace Corps da Shugaba Kennedy na Amurka ya kafa a 1961, wadda a shekarar ta turo samari da 'yan mata su koyar a makarantun sakandaren Nijeriya. Daga 1973, lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙirƙiro shirin yi wa ƙasa hidima, baƙin suka koma 'yan gida. Sai dai yaron da ya tashi a Kalaba ko Abeokuta, aka yi masa mako uku a sansanin Kusalla da ke Ƙaraye, sannan aka tura shi wata makaranta a Mandawari ko Yakasai, shi ma kusan wata ƙasar ya zo. Harshe daban, abinci daban, ga hunturun da bai taɓa ji ba. Tunda kuma aikin na wata goma sha biyu ne, ko ya so ko ya ƙi ranar haihuwarsa a nan za ta cim masa.

Abin da yakan fara ba shi mamaki shi ne, idan ya faɗa wa dattijon da ya ba shi haya cewa yau ce ranarsa, amsar ba ta wuce addu'ar Allah ya ƙaro shekaru masu albarka, daga nan a koma hirar tsadar masara. Ba rashin kula ba ne. Bahaushe yana riƙe lokacin haihuwa sarai, amma a jikin suna yake ajiye shi. Ɗanladi da Ladi, Ɗanjuma da Jummai, Talatu, Balarabe, Lami da Asabe duk suna yawo da ranar makon da aka haife su. Ɗan'azumi yana ɗauke da watansa, Sallau da sallarsa, Marka da daminarta. Shekara kuwa da abin da ya faru a cikinta ake kama ta: shekarar zuwan Sarauniyar Ingila, wato 1956, shekarar da aka naɗa Ado Bayero, 1963, canjin hannu, 1972, canjin kuɗi, 1973, rikicin Maitatsine, 1980. Tsohuwa a Ƙoƙi za ta iya faɗa wa jikanta cewa an haifi babansa ranar Laraba da la'asar ana ruwan sama, ba ta kuskure komai ba, amma kwanan watan Turawa bai taɓa shiga lissafinta ba.

Ba talakawa kaɗai ba ne. A Disambar 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya faɗa da bakinsa cewa shi a zatonsa shekararsa 74, sai aka gaya masa 75 ce. Wanda kuma ya taɓa leƙa Facebook ranar 1 ga Janairu ya ga yadda ake ta taya mutane murna rututu, domin ita ce ranar da akan cike wa wanda ya je yin katin ɗan ƙasa ko buɗe asusun banki bai san tasa ba.

Bikin da Kano ta ɗauka da nauyi shi ne na kwana bakwai, ranar suna: a yanka rago, a raba goro da dabino, wanzami ya yi aski, mata su yi wuni. Sau ɗaya ake yin sa a rayuwa, mai bikin ma yana cikin zanen goyo bai san ana yi ba. Hatta a Mauludi haka tsarin yake. Bayan daren 12 ga Rabi'ul Awwal, sai a ƙirga mako guda a yi Takutaha, ranar da ake ɗauka ta sunan Annabi (SAW), jama'a su yi dafifi su hau Dutsen Dala. Baƙon da ranar haihuwarsa ta faɗo a wannan rana ya sami taron da ba zai iya haɗa irinsa da kuɗinsa ba, ko da yake ba don shi aka taru ba.

Yanzu dai al'amarin ya sauya, kuma waya ce ta sauya shi. 'Yan matan cikin birni suna yin odar kek daga masu gasawa a gida da ke talla a Instagram, a je situdiyo a ɗauki hoto, a ɗora a sitatus. Malamai kuma ba su yi shiru ba. Wasu na ganin abin bidi'a ne da kwaikwayon Turawa. Wasu na cewa al'ada ce kawai, hukuncinta na bin abin da aka aikata a cikinta, suna kafa hujja da cewa Annabi yakan azumci Litinin saboda a ranar aka haife shi. Baƙon da ya shigo tsakiyar wannan muhawara, abin da ya fi masa shi ne kada ya sa baki.

Waɗanda suka fahimci garin sukan juya bikin. A can gida shi ake kawo wa kyauta, a nan kuwa wanda abin farin ciki ya samu shi ne mai bayarwa. Sai ɗan bautar ƙasa ya gutsuri wani abu daga alawus ɗinsa, wanda tun 2025 ya koma naira dubu 77, ya aika Jakara a sayo gurasa, a yi bandashe da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir a kai, a haɗa da zoɓo mai sanyi a kai ofishin malamai. Alewa da biskit su tafi aji, ragowar a miƙa wa almajiran da ke zaure. Da an ce sadaka ce, babu mai tambayar dalili, kowa sai ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Wanda ya ce sai ya kafa lasifika a lungu ya tara maza da mata har tsakar dare, shi zai gane cewa cikin gari ba Sabon Gari ba ne, domin kafin 'yan Hisba su ji labari mai unguwa ya riga ya aiko.

Kanawa ma suna ɗanɗana abin ta ɗaya ɓangaren. Tun 1987 Nijeriya ke tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya aikin sa kai na shekara biyu a ƙasashe irin su Gambiya da Yuganda da Jamaika, a ƙarƙashin shirin TAC. Ɗan Kano da bai taɓa hura kyandir ba sai ya shiga ofis ya tarar abokan aiki sun duba fayil ɗinsa sun sayo kek, watakila ma a ranar da wani magatakarda ya ƙirƙira masa shekarun baya.

Wannan kwanan watan na takarda kuwa ya daina zama abin wasa. Da shi ake tantance wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama jami'a, a ba shi takardar yafe masa bautar ƙasa, da shi ake ɗaukar aiki, da shi ake ritaya, kuma gyara shi bayan ya shiga katin ɗan ƙasa wahala ce da kashe kuɗi. Duk da haka binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Maigidan da ya iya sayen ragon suna, ya daure ya je wurin jami'an Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ya karɓo wa jaririn takardarsa tun kafin mai jego ta gama wanka.