Renon Masanin Lissafi: Kuɗin Digirin Digirgir da Shekarun Farko na Bincike

Digirin digirgir a fannin lissafi horo ne na shekara uku zuwa shida, kuma abin da ake nema a ƙarshensa shi ne ɗalibi ya zo da sakamakon da babu wanda ya taɓa tabbatarwa, tare da hujjar da masana za su bi daki-daki har su gamsu. A digirin farko da na biyu, ɗalibi yakan warware tambayoyin da an riga an san amsarsu. A na uku kuwa, shi da malamin da ke duba aikinsa duk ba su da tabbacin tambayar za ta warwaru. Yana iya shafe wata shida a kan hanya guda, sannan ya gano ba ta ɓullewa, ya dawo ya sake lale.

Kayan aikin ba su da yawa: allo da alli, takarda, kwamfuta da intanet. Rumbun arXiv, wanda aka buɗe a 1991, yana ba kowa damar karanta sababbin takardun bincike kyauta, ma'ajiyar zbMATH ma ta zama kyauta tun daga 2021. Sai dai wannan arhar ta zame wa fannin ƙarfen ƙafa. Masu rabon kuɗi sun saba da ganin injuna da ɗakunan gwaji, abin da za a saya a ajiye a nuna. Idan suka duba lissafi ba su ga abin saye ba, sai su ɗauka babu buƙata. Alhali abin da kuɗi ke saya wa ɗalibin lissafi shi ne lokaci, wato shekarun da zai zauna da tambaya ɗaya ba tare da tunanin kuɗin haya da cefane sun raba masa hankali ba. Bayan lokaci, sai malamin da shi ma yake cikin bincike, sannan abokan tattaunawa, domin yawancin dabaru a gaban allo ake samunsu, lokacin da wani ya tsayar da mai bayani ya ce bai yarda da wannan layin ba.

A ƙasashen da fannin ya kafu, ana ɗaukar ɗalibin digirgir tamkar ƙaramin ma'aikaci. A manyan jami'o'in Amurka ba ya biyan kuɗin makaranta, ana kuma ba shi alawus, shi kuma ya taimaka wajen koyar da ƙananan ajujuwa da duba takardun jarrabawa, na kimanin shekara biyar ko shida. A Birtaniya hukumar tallafa wa bincike ce ke ɗaukar nauyin da yawa daga cikinsu na shekara uku da rabi zuwa huɗu. Ko a can ma alƙawari ba ya cika kullum: a Janairun 2020 gwamnatin Birtaniya ta sanar da ƙarin fam miliyan 300 ga fannonin lissafi, amma fam miliyan 124 aka fitar.

Masana lissafin Nijeriya na farko a waje suka samu horonsu. Chike Obi ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Kambirij ta Birtaniya a 1950. Iya Abubakar, ɗan Adamawa, shi ma a Kambirij ya yi nasa, ya dawo ya zama farfesan lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya ya shugabance ta daga 1975 zuwa 1978. Fita neman wannan ilimi ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu a kan lissafin hatimi, a Alƙahira ya rasu a 1741. Domin a riƙa yin horon a gida ne aka kafa Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a 1988, wadda yanzu take Sheda a yankin Abuja, kuma Farfesa James Ezeilo ne ya fara jagorantarta. Cikin ayyukanta akwai shirya kwasa-kwasai masu zurfi ga ɗaliban manyan digirori daga jami'o'i daban-daban, tunda ba kowane sashe ne yake da ƙwararre a kowane reshe ba.

Babbar hanyar samun kuɗin digirgir a Nijeriya a yau ita ce asusun TETFund, wanda ya samo asali daga dokar harajin ilimi ta 1993, aka kuma sake masa fasali a 2011. Kuɗinsa daga ribar kamfanoni yake fitowa: kashi 2 cikin ɗari da farko, aka ɗaga zuwa 2.5 a 2021, sannan 3 a 2023. Ta shirinsa na horar da malamai, dubban ma'aikatan jami'o'i da kwalejoji sun yi digiri na biyu da na uku, a gida da waje. Wannan aiki ne da ya cancanci yabo, kuma sassan lissafi da yawa a Arewa da shi suka samu daktocinsu.

Amma tsarin yana da giɓi babba. Sai wanda ya riga ya zama ma'aikacin makarantar gwamnati ne ke cin moriyarsa. Matashin da ya fita da sakamako mafi kyau a ajinsu, ya gama hidimar ƙasa, bai samu gurbin koyarwa ba, ba shi da rabo. Irin wannan matashi yakan tafi banki ko kamfanin sadarwa, ko ya shiga koyarwa a makarantun kuɗi, kuma shekarun da ƙwaƙwalwarsa ta fi kaifi a kan lissafi su wuce. Shi kuma malamin da ya samu tallafin ya zauna a gida, sau da yawa ba a sauke masa nauyin koyarwa gaba ɗaya. Sashen lissafi shi ke koyar da 'yan shekarar farko na kimiyya da injiniyanci, ajin da kan kai ɗaruruwan ɗalibai, ga duba takardunsu, ga haɗa sakamako. Karatun da ya kamata ya ci shekara huɗu sai ya ninka. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, kamar na wata takwas a 2022, ya ƙara jan lokacin.

Karatun waje ma ya shiga wani hali bayan faɗuwar darajar naira a 2023, lokacin da kuɗin da aka ware wa ɗalibai ya kasa biyan bukatunsu a can. A ƙarshen 2024 TETFund ta sanar da dakatar da tura sababbin malamai waje daga farkon 2025, tana mai kafa hujja da tsada da kuma yawan waɗanda ba sa dawowa. Ga fanni irin lissafi, wannan yana nufin nauyin horon ya koma kan sassan gida, waɗanda a wasu rassan, kamar nazarin lambobi da jometiri na zamani, ƙwararrun da za su duba kundi ƙalilan ne.

Akwai ƙofofi daga waje da suka dace da wannan yanayi. Cibiyar AIMS, wadda Neil Turok ya kafa a Muizenberg ta Afirka ta Kudu a 2003, tana ba da digiri na biyu kyauta, da masauki da abinci, kuma ta yi rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda. Cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya tana da difloma ta shekara guda tun 1991, wadda ke shirya ɗaliban ƙasashe masu tasowa don shiga digirgir. Ƙungiyar Masana Lissafi ta Duniya ta fara wani tallafi a 2016 da gudummawar waɗanda suka ci kyautar Breakthrough, kuma sharaɗinsa shi ne ɗalibin ya yi karatun a ƙasa mai tasowa. Tana da wani shirin kuma mai suna GRAID, inda malamin gida da abokin aikinsa na waje suke neman alawus ga ɗalibansu tare. Jami'ar Uppsala ta Suwidin ta daɗe tana bin tsarin rabin-gida-rabin-waje da jami'o'in Afirka: ɗalibi ya yi watanni a can, ya dawo ya ci gaba a nan. Wannan tsari ya fi sauƙin kuɗi, kuma ɗalibin ba ya yanke jijiya da sashensa. Illar waɗannan shirye-shirye ɗaya ce, guraben ba su da yawa idan aka kwatanta da masu buƙata.

Matakin da aka fi mantawa da shi shi ne na bayan kammala digirin. A Turai da Amurka sabon dakta yakan yi shekara biyu zuwa biyar a muƙamin bincike na wucin gadi, da ɗan koyarwa kaɗan, inda yake fitar da takardu daga kundinsa, ya kuma samo tambayoyin kansa ba na malaminsa ba. A jami'o'in Nijeriya irin wannan muƙami bai zama al'ada ba. Dakta yana dawowa sai a ɗora masa kwasa-kwasai da aikin jami'in jarrabawa da kwamitoci. Ƙarin girma kuma da yawan takardun da aka buga ake auna shi, abin da ke tura wasu zuwa mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai ba tare da tantancewa ba. A lissafi, takarda ɗaya mai nauyi tana iya cin shekara biyu kafin a rubuta ta, ta kuma ƙara shekara a hannun masu tantancewa, don haka ma'aunin ƙidaya yana cutar da wanda ya ɗauki tambaya mai wuya. Mata sun fi jin wannan matsi, domin shekarun digirgir da na farkon bincike su ne na aure da goyo, kuma tallafin da ya ƙayyade shekarun haihuwa ko bai tanadi hutun haihuwa ba yakan fitar da su tun kafin a duba aikinsu.

Kaɗaici ma yana kashe bincike. Abdus Salam, masanin kimiyya ɗan Pakistan, ya koma Lahore a 1951 bayan karatunsa a Kambirij, ya tarar ba shi da abokin tattaunawa, har ya sake komawa Ingila a 1954. Abin da ya gani ne ya sa da ya kafa ICTP a 1964 ya shigo da tsarin da ke ba malamin ƙasa mai tasowa damar riƙe aikinsa a gida, yana kuma zuwa Trieste lokaci-lokaci na makonni, cibiyar na biyan kuɗin jirgi da na zama. Cibiyar CIMPA, wadda aka kafa a Nice ta Faransa a 1978, akasin haka take yi: ita ce ke kai ƙwararru jami'o'in Afirka da Asiya da Latin Amurka, su yi makarantar bincike ta kusan mako biyu, inda ɗaliban digirgir da sababbin daktoci daga ƙasashen maƙwabta ke haɗuwa da waɗanda a da sunayensu kawai suke gani a kan takardu.