'Yar Na'ura Mai Yi Wa Kanta Cigiya

Babu gidan da bai san wahalar neman makulli da sassafe ba. Maigida yana tsaye a bakin ƙofa, uwargida ta ɗaga tabarma ta zazzage jaka, yara sun makara, kowa yana zargin kowa. Makulli ma da sauƙi. Wanda ya manta jakarsa a motar haya, da katin ɗan ƙasa da takardun makaranta a ciki, shi ya san irin zirga-zirgar da zai yi kafin ya sami waɗansu.

A dā abin da muke yi shi ne cigiya. A faɗa wa maƙwabta, a sanar da mai unguwa, in abin babba ne a kai gidan rediyo. Yanzu kuwa an ƙera wata 'yar na'ura wadda ita da kanta take yin cigiyar. Faɗinta kamar murfin kwalba ne. Ana rataya ta a jikin makulli, ko a jefa ta cikin jaka ko akwatin ɗan makarantar kwana. Kamfanin Tile na Amurka ne ya fara yin suna da irinta. A 2021 kamfanin Samsung ya fito da SmartTag, Apple kuma ya fito da AirTag a kan dala 29.

In abin ya ɓata a cikin gida, aikin ba wuya. Ka taɓa wayarka, na'urar ta yi ƙara daga ƙarƙashin kujera, shi ke nan magana ta ƙare. Amma sa'ad da abin ya yi nisa, a nan ne masu saye da yawa ba su fahimci abin da suka saya ba.

Na'urar ba ta san inda take ba. Ba ta da layin waya, ba ta kuwa magana da tauraron ɗan adam. Iyakar abin da take yi shi ne aika ɗan siriri na saƙo ta hanyar Bluetooth, wanda ba ya wuce faɗin gida ɗaya ko biyu. Watau kamar ɗan akuya ne da ya ɓata yana kuka, sai mai wucewa ya ji. Mai wucewan nan shi ne wayar wani baƙo. Wayarsa za ta ji saƙon, ta aika labarin wurin ta intanet, labarin ya iso wayarka a kan taswira. Shi baƙon bai san ya taimake ka ba, kai ma ba ka san ko wane ne ba.

To, ga inda gizo yake saƙa. Kowace na'ura da irin wayoyin da suke jin kukanta. AirTag tana dogara ga iPhone da sauran kayan Apple, ba ma za ka iya ɗaura ta ba sai kana da irinsu. SmartTag kuwa sai wayoyin Galaxy na Samsung. Mu dubi hannuwan mutanenmu a kasuwa da tasha: yawanci Tecno ne da Infinix da itel, da ƙananan wayoyi masu madanni waɗanda ba ruwansu da wannan aiki. Saboda haka AirTag da za ta yi amfani a filin jirgin sama na Abuja tana iya yin mako guda a ƙauye ba wanda ya ji ta. A watan Afrilu na 2024 ne Google ya buɗe irin wannan hanya domin wayoyin Android, ya kuma sa mata suna Find Hub a 2025. Kamfanoni irin su Chipolo da Pebblebee suna ƙera na'urori masu aiki da ita. A ganinmu wannan ce ta fi dacewa da yawancin gidajenmu, ko da yake ita ma ta fi ƙarfi a wurin taron jama'a bisa ga hanyar daji. Kafin ka ba da kuɗinka, karanta jikin kwalin ka ga ko da wace waya take aiki. Kada ka dogara ga bakin mai sayarwa kaɗai.

Waɗansu za su ce, bari mu ɓoye ta a babur saboda ɓarayi. Ba domin wannan aka yi ta ba. Gama miyagun mutane sun riƙa saka irinta a jakar mata suna bin sawunsu, har Apple da Google suka haɗa kai a watan Mayu na 2024, domin wayar kowa ta gargaɗe shi in baƙuwar na'ura tana tafiya tare da shi. Wannan abu ne mai kyau, amma ɓarawo ma zai sami gargaɗin. Mai babur ya nemi ainihin na'urar bin sawu mai layin waya. In kuwa taswira ta nuna maka gidan da kayanka suke, kada ka tafi kai kaɗai, ka kai wa 'yan sanda.

Iyaye mata, ga naku. Batirin cikinta ɗan fale-fale ne kamar kwabo, lambarsa CR2032, yakan kai misalin shekara guda. In yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙone masa maƙogwaro cikin sa'a 2. Kada a jira a ga alama, a ruga da shi asibiti nan da nan. Tsohon batiri ma kada a yar da shi a tsakar gida.

Wayar kanta ba ta bukatar a saya mata kome. In kana tune da kalmar sirrinka ta Google, za ka iya shiga daga wayar ɗan'uwanka ka sa taka ta yi ƙara har minti 5, ko da an kashe mata sauti, muddin tana kunne da intanet. Ka kuma buga *#06# yau, lamba mai tsawo za ta fito wadda ake kira IMEI. Rubuta ta a takarda, ka ajiye tare da rasit ɗin wayar, domin ita za a tambaye ka ranar da ka je kai rahoto.