Hasan Fathi, malamin ginin laka

Gina gida yana cin kuɗi. Abin da ya fi tsada shi ne rufi, domin azara da kwano duka sai an saya. Talaka yakan tada bango, amma rufi ya gagare shi.

A ƙasar Masar an yi wani malami mai suna Hasan Fathi. An haife shi a birnin Iskandariya a shekarar 1900. Ya koyi zanen gidaje, kuma ya koyar da shi a wata babbar makaranta ta Alƙahira. Kullum tunaninsa ɗaya ne: yaya manomi zai samu gida mai kyau da kuɗi kaɗan?

A shekarar 1941 ya tafi Aswan, a kudancin Masar. Can ya ga maginan ƙauye suna rufe ɗaki da tubalin laka, ba icce ko ɗaya. Suna fara tada bango mai tsawo. Sai su jingina tubala a jikinsa, a karkace, cikin siffar baka. Kowane layi yana jingine da na bayansa, har rufi ya kammala. Malami ya zama ɗalibi, ya koyi wannan dabara wurinsu.

Daga baya gwamnati ta ba shi aikin gina sabon ƙauye a Gurna, kusa da Luksor. Ya gina gidaje da masallaci da kasuwa, duka da laka. Mutane da yawa sun ƙi barin tsohon garinsu, aikin bai ƙare ba. Amma Hasan Fathi bai karaya ba. Ya rubuta littafi, ya ci gaba da koyarwa da ba da shawara har ya rasu a 1989.

Dabarar ta iso Nijar a 1980, a garin Cikal, kusa da Filinge. Ana ce mata gini ba icce. An horar da magina masu yawa, su ma suka koya wa wasu. Ɗakin yana da sanyi lokacin zafi, kuma giginyar da za a sare don azara ta tsira.

Tambayoyi
1. Me ya fi tsada wajen gina gida?
2. Wurin wa Hasan Fathi ya koyi rufin laka?
3. Da me ake rufin ɗaki a garinku?