Miyau, Garkuwar Baki

Baki yakan samar da miyau kimanin lita 1 kowace rana, kuma ba ruwa ne kawai ba. A cikinsa akwai laisozayim mai fasa ƙwayoyin cuta, da garkuwar IgA mai hana su manne wa dasashi. Tamowa tana rage wannan garkuwa, ƙyanda kuma ta ƙara raunana yaro. Ta nan cutar noma ke samun ƙofa. Iyaye a Wurno, Rabah da Goronyo kada su raina jinin dasashi da warin baki. Asibitin Noma na Sakkwato yana aiki tun 1999. Tsofaffi kuwa, wasu magungunan hawan jini sukan busar musu da baki. Wanda haƙoransa suka zube duka, fararen ƙwayoyin jinin da ke tsattsafowa daga gindin haƙori sukan yi ƙaranci a miyansa.