Rodajin sabon babur: kilomita 1000 na farko da man da ya dace da inji

A gundumomin Madaoua, Bouza da Keita, babur ya daɗe da zama ƙafar jama'a. Da shi ɗan kabu-kabu ke ciyar da iyali, da shi mai lambu a kwarin Tarka ke zuwa gona, da shi ma'aikacin lafiya ke kai allurar rigakafi ƙauyukan da ke bayan duwatsun Adar. Sai dai babura da dama na fara hayaƙi da shan mai tun ba su kai ko'ina ba. Sau da yawa laifin ba na kamfani ba ne: makonnin farko ne aka yi wa injin gaggawa, ko kuma aka zuba masa man da ba nasa ba.

Mene ne amfanin rodaji?

Inji sabo, ko da ido ya gan shi sumul, ƙarafunansa ba su gama zama da juna ba. Piston na hawa da sauka cikin silanda sau dubbai a minti guda, kuma zobbansa, waɗanda makanikai ke kira segiman, sai sun goga da bangon silanda a hankali kafin su toshe shi yadda ya kamata. Idan suka zauna daidai, injin zai yi ƙarfi, ba zai sha mai ba. Idan zafi ya yi musu yawa tun farko, bangon silanda ya karce, to an shiga hidimar gareji ke nan.

Galibin kamfanoni na ɗaukar kilomita 1000 na farko a matsayin lokacin rodaji. A rabin farko, kada a murɗa wuta ta wuce rabi na tsawon lokaci. Daga nan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, amma ban da murɗewa har ƙarshe. A riƙa sauya gudu da bitesi, kada a kama kwaltar Madaoua zuwa Konni a tsaya kan gudu ɗaya tun daga tashi har isa.

Kurakurai biyu sun fi yawa. Na farko shi ne a tayar da sabon babur a bar shi yana aiki a tsaye na awoyi, wai rodaji ake yi. Yawancin baburan da ke yankin nan iska ce ke sanyaya injinsu, kuma babur da ke tsaye ba ya samun iska. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wannan gasa inji ne kawai. Na biyu shi ne tafiyar hawainiya a babban bitesi, har injin na ƙwanƙwasa. Wannan ma wahalar da shi ne. A hawan tudu irin na hanyar Bouza da Keita, ko a cikin rairayin korama, a sauko ƙaramin bitesi da wuri. Bayan tafiyar kamar awa guda, a tsaya a inuwa injin ya huce na ƴan mintoci.

Kaya ma a dakata. Wanda ya ci bashi ya sayi babur yana ɗokin mayar da kuɗinsa, amma buhun albasa da fasinjoji biyu a makon farko riba ce ta yau da za a biya gobe wajen sauya piston.

Bidanjin farko

A lokacin rodaji, ƙananan ɓurɓushin ƙarfe na zuba cikin mai. Shi ya sa bidanjin farko ke zuwa da wuri, tsakanin kilomita 500 da 1000, gwargwadon abin da littafin babur ya ce. A zubar da man injin na da ɗumi, a wanke rariyar mai, a sa bakanike ya duba supap, ya ɗaure notunan da girgizar burji ta sassauta. Injin 125 na ɗaukar kusan lita ɗaya. A auna da sandar awo, domin mai fiye da kima ma illa ne.

Wane mai za a saya?

Da farko a san irin injin. Babura irin su Bajaj Boxer, Haojue da Yamaha XTZ 125 masu bugu huɗu ne, mansu an rubuta 4T a jikin galan. Yamaha DT 125 da ma'aikatan kungiyoyin raya karkara suka daɗe suna hawa mai bugu biyu ne: yana ƙona mai na musamman, 2T, tare da esansi, kuma yana da tankinsa daban. Ba a musanya su. Wanda ya bar tankin 2T ya bushe, piston zai maƙale masa a hanya.

Sai lambobi irin su 10W-40 ko 20W-50. Lambar farko na nuna yadda mai ke gudana lokacin sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan injin ya ɗau zafi. A ƙasa mai zafi irin tamu 20W-50 ya zama ruwan dare, amma littafin babur ne ke da maganar ƙarshe, domin wasu sababbin injuna an ƙera su ne don mai marar kauri sosai.

Alamar da aka fi mantawa da ita ita ce JASO, ma'aunin da Japan ta fito da shi a 1998 don man babur. A yawancin babura masu bitesi, ambireyaji na cikin mai ɗaya da injin. Wasu man mota na ɗauke da sinadaran ƙara santsi, waɗanda ke sa ambireyaji zamewa: ka ba da wuta, injin ya yi kuka, babur bai ja ba. Don haka a nemi JASO MA ko MA2. Mai alamar MB na sikuta ne marar bitesin ƙafa.

Man kwalba da ƙura

Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya ba shi da suna balle lamba, kuma ido ba ya iya bambance sabo da wanda aka tace aka sake sayarwa. A sayi galan mai hatimi, a buɗe shi a gabanka. Bambancin kuɗin bai kai na buɗe inji ba.

Mai komai kyansa ba ya maganin ƙura. Lokacin hunturu, da kuma a hanyoyin burji, ƙurar da ta kuɓuce wa matatar iska na shiga silanda ta ci segiman kamar sansefa. A riƙa duba matatar akai-akai. Ta soso a wanke ta, ta bushe, a shafa mata ɗan mai. Ta takarda kuwa ba a wanke ta, sauya ta ake yi. Mai bin irin waɗannan hanyoyi kullum ya riƙa yin bidanji kafin wa'adin da littafi ya ɗiba, ya kuma duba matakin mai kowace safiya kafin ya tayar da babur.